Matan Duza da Gola Mai Lauje

Anka,
14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga aminina Ignatius,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Madam Bridget da yara. Yaya aikin asibiti, yaya mutanen Gummi? Mu nan Anka sai godiya. Gero ya yi kyau bana, ga wanda ya samu ikon leƙa gonarsa.

Kada ka yi dariyar rubutuna, rabona da cika takarda da biro tun ina sakandare. Tun da aka ɗauke sabis wayata ta koma tocila, shi ya sa na ba Ishaq direba wannan ya kawo maka, tunda shi har yanzu yana bin hanyar Gummi duk ranar da aka ce da sauƙi.

Dalilin rubuto maka shi ne in gaya maka abin da na san ba za ka so ji ba. Gola Mai Lauje ya dawo. E, fim ɗinmu, wanda ka rantse cewa duk wanda ya sake ambata maka sunansa sai ka yi masa allura ba gaira ba dalili.

Ka san shagona, gefe guda gidan kallon ƙwallo, gefe guda ina tura wa mutane fina-finai a waya. To yanzu ba intanet, ba sabon fim, kowa ya kalli abin da yake da shi har ya haddace, sai aka shiga tonon tsofaffi. Ban san wane mara aikin yi ba ne ya kwafi namu daga faifai ya zuba a waya, amma yau daga nan har Bukkuyum yawo yake hannu zuwa hannu. Makon jiya wani ya zo yana tambayata ko ina da shi, bai ma san da golan yake magana ba.

Tun daga ranar nake ta tuna mu. Kai da kyamararka ta ɗaukar biki, ni da labarin da na ƙaga, muka kwashi 'yan ƙwallon unguwarmu bayan kakar 2009 muka tafi Duza, saboda Sa'idu mijin ƙanwata Rabi ya ce filin makarantarsu ba mai hana mu, tuwo kuma kyauta. Har yau ina ganin labarin ba laifi. Gola ya sha ƙwallo a wasan ƙarshe, abokansa suka ce sayar da su ya yi, suka jefa shi rijiya, shi kuma ya dawo yana bin su da lauje ɗaya bayan ɗaya bisa lambar rigunansu. Kayan aiki ne suka kashe mu. Ni na kifa tsohuwar ƙwallon fata a kai da huda biyu, ba na gani ba na ji, har na sari turken raga ina zaton Jamilu kyaftin ne. Jinin kuma zoɓo, kai ka ce a zuba sukari don ya yi kauri, sai ga ƙudaje da yaran gari sun zo mana biki.

Ba sai na tuna maka abin da aka ce a kanmu ba, amma zan tuna maka, don ni ma ban huta ba. Mai sharhin fina-finai na rediyo ya ce ya kalla tare da matarsa mai tsoron ɓera, amma barci ta yi. Ya ce wanda ya kasa korar yara daga gaban kyamara ba shi zai kori barci daga idon masu kallo ba. Wata mujalla ta Kano ta ba mu layi uku, na ƙarshen ya ce ba a ga ƙwallo ba, ba a ji tsoro ba. Wanda ya taimake mu kaɗai shi ne malamin nan na garinku da ya yi wa'azi a kanmu bai kalla ba, don a makon ne aka ɗan saya. Sauran faifan manoman shinkafa suka kwashe suna ratayawa a gona don korar tsuntsaye, aƙalla dai mun tsorata wani abu. Ni kuwa tun daga shirin rediyon nan ban sake kallonsa ba.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. Samari suna karɓa su yi dariya kwana biyu su goge, wannan na gane. Amma mata fa, Ignatius? Matan aure da dattijai, waɗanda rikici ya taso daga ƙauye suke zaune nan Anka, su suka fi kowa nemansa. Wasu su aiko mazansu, wasu su zo da kansu su tsaya nesa da ƙofa har samari su watse. Ba sa neman na waƙoƙi, ba sa neman na Indiya, sai "wanga na mai lauje". In suna karɓa kuma ba dariya a fuskarsu. Mutanen da suka ga abin da ya fi lauje da idonsu, me za su yi da ni sanye da ƙwallo a kai?

Ruwa dai ba ya tsami banza. Kai ka riƙe kyamara, ka ga abin da ni ban gani ba. In kana da wani tunani ka rubuto, Ishaq zai juyo ranar Juma'a in Allah ya yarda.

Ka gaida Madam da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce in gaya wa likita har yanzu ƙafar ce.

Ni ne naka,
Hayatu


Anka,
26 ga Satumba, 2021

Aminina Ignatius,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da iyali. Na samu amsarka, na ji daɗin jin cewa autanku ya warware daga zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Maganin shafawar da ka aiko wa Inna ya iso, tana ta sa maka albarka.

Na karanta hasashenku. Kai ka ce Jamilu suke kallo saboda kyansa. Haba likita, ko a fim ɗin ai kwance yake ƙudaje na bin sa, yanzu kuwa tumbi gare shi da sanƙo, taki yake sayarwa a bakin tasha. Madam ta fi ka hankali, kamar kullum. Ta ce wataƙila hutu ne gare su su ga mugu guda ɗaya tak, ba bindiga ba babur, kuma an san inda zai ƙare. Na yi kwanaki ina ganin ita ce da gaskiya, sai wata dattijuwa ta zo ta rushe mu duka.

Da hantsi ta zo. Ta ce daga Tungar Guru take, amma a Duza ta yi auren fari. Ba ta da waya, so take in nuna mata a kwamfutata. Na fara daga farko ta ce ba nan ba. Na wuce wasan ƙarshe, na wuce rijiya, duk tana girgiza kai, har muka kai inda na kwantar da Jamilu a gaban raga. Nan ta ɗaga hannu ta ce, "Wanga wuri dai, ɗana. Maido shi baya." Na mayar, ta ce in sake, na sake. Da yake ni ma son sani ne ke cin raina, sai na bar kallon allo na koma kallon idonta. Ba ta kallon ni, ba ta kallon Jamilu. Idonta yana can sama gefen hagu, bai motsa daga nan ba. Da ta gama ta ce Allah shi yi albarka, ta gyara mayafinta ta tafi.

Ina idar da sallar azahar na rufe shago na zauna na kalli abinmu daga farko har ƙarshe. Dole in faɗi gaskiya, mutumin rediyon nan bai zalunce mu ba. Akwai inda nake bin mai lamba biyar da gudu, ƙwallon ta juya a kaina, na nufi wani wuri daban. Amma da na kai wurin dattijuwar na duba sama gefen hagu, sai ga katangar makaranta, yara jere a kanta suna lilo da ƙafafu, wasu a ƙasa suna tsalle, ɗaya yana ɗaga wa kyamara hannu. Na koma baya na sake dubawa, ashe kusan ko'ina suna nan, a bayan raga, a gindin kuka, a bakin rijiya.

Ignatius, bayan kakar 2009 muka ɗauka. Ka fi ni sanin abin da ya biyo baya, don kana cikin waɗanda suka yi ta ɗibar jinin yara a lokacin gubar dalma, sa'ad da ake daka dutsen zinari a tsakar gida, yara na wasa cikin ƙurarsa. A Duza ta wancan lokacin wa ke ɗaukar hoton yaro ɗan shekara uku? Ko wayar da ke da kyamara ba ta kai can ba. Yaran da aka yi mana dariya a kansu, da yawansu ba inda suka rage sai a kan katangar nan.

Na tambayi kaina me ya sa ba wadda ta fito ta faɗa. Amma ka daɗe a cikinmu, ka san halinmu. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, yana raye ma, balle ya rasu. Wadda kuma ba na fari ta rasa ba, in ta ce tana son ganinsa bayan shekara goma sha ɗaya sai a ce ba ta da tawakkali. Sai su ce mai lauje suke nema.

Shekaranjiya sai ga Rabi. Ka san su ma sun baro Duza tun bara, suna zaune kusa da gidan Inna. Ta yi mini hirar tsadar masara, ta yi ta ƙafar Inna, ta yi ta rufe kasuwanni, sai da ta miƙe za ta tafi ta ce, tana kallon ƙofa, "Yaya, wai fim ɗin ga da kunka yi garinmu, an ce ƙwallon ta yi kyau. In da hali ka aza man in gani." Rabi ce fa, wadda ba ta san mutum nawa ke shiga fili ba. Ka tuna Fiddausi, 'yarta ta fari, wadda ke kawo mana ruwa a ƙaramar kwalla tana zubar da rabi a hanya. Tana cikin na farko da gubar ta ɗauka, ba ta cika shekara biyar ba.

Na ce mata kwamfutar ba caji, ta dawo wani lokaci. Ƙarya na yi, kuma ga dalili. Kwafin da ke yawo an kwafe shi daga faifai mai zane, an matse shi don ya shiga waya, fuskokin yaran duk sun dame kamar an shafa da hannu. Dattijuwar nan ban san me ta gane ba, wataƙila zama ko riga. Akwai wata mai riga ruwan ɗorawa da nake zaton Fiddausi ce, amma ba ido ba hanci, ɗigo ne kawai. Ba zan iya zaunar da ƙanwata gaban ɗigo ba.

Don haka ina roƙonka ka duba ko ƙananan kaset ɗin nan na kyamara suna nan. Ba fim ɗin nake so ba. Ina son duk wuraren da muka zubar saboda yara sun ɓata mana.

Ka gaida Madam, ka ce mata ta kusa amma ba ta ci ba.

Naka a kullum,
Hayatu


Anka,
17 ga Oktoba, 2021

Aminina Ignatius,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina ba ka haƙurin jinkiri. Ishaq ya ajiye mota kwanaki saboda abin da ya faru wajen Nasarawa Burkullu, na san labarin ya iske ku. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan abu. Mu duka lafiya lau.

Da na karanta cewa kaset ɗin suna nan sai da na tashi na zaga shago. Ka yi wa Madam godiya ta musamman. Kai da ka ce a ƙone su, ita ta zuba su a kwanon samira ta ɗora a saman kabad, ta yi ta ƙaura da su gida zuwa gida ba ka sani ba. Batun kyamararka da ta mutu kuwa, na ji daɗi da ka samo mai hoton nan na kasuwar Gummi da ke da irinta. Ka ce masa ya bi a hankali, in kaset ya yi fumfuna kada ya ja da ƙarfi. Kuma kada ya gyara komai, kada ya yanke komai, ko inda kake zagina ne ya bar shi.

Bari in ba ka dariya kafin in shiga abin da ke damuna. Wani ɗalibin jami'a ɗan garin nan ya dawo hutu daga Sakkwato, ya kalli Gola a wayar ƙanensa, ya neme ni har shago da littafi da biro. Wai fim ɗinmu ya riga zamaninsa. Wai golan da aka zalunta ya koma yana kashe 'yan ƙungiyarsu hoton abin da ke faruwa da mu ne yau, lauje kuma alama ce ta manomi. Ya tambaye ni me ya sa na zaɓi lauje. Na ji nauyin gaya masa cewa adda muka nema Sa'idu ya hana mu tasa. Har yaran ma ya ce da gangan muka bar su, don su tsaya a matsayin al'umma mai kallo ba ta cewa komai. Na ce masa lallai ya yi zurfin tunani. Da mu wawaye ne, yanzu mun zama masu hangen nesa, fim ɗin kuma shi ne dai bai canja ba.

Yanzu ga maganar. Na gaya wa Inna abin da nake shiryawa, don ban iya riƙe shi ni kaɗai ba. Sai ta gaya mini abin da ya hana ni sukuni. Ta ce da azumin da ya wuce suna tsinkar zogale ita da Rabi, ba wanda ya ɗauko zancen, sai Rabi ta ce, "Inna, ni hwa kamannin yarinyar ga taki sun ɓace man." Ka lura, taki ta ce, ba tawa ba. Inna ta ce ba abin mamaki ba ne. Rabi tana da ƙuruciya ta haife ta, a gidan surukai, ga kunya. In yarinyar ta zo jikinta a gaban mutane sai ta ture ta, in ana yabon kyanta sai ta kau da kai. Ta ɗauka akwai lokaci, in an haifi na biyu da na uku kunyar za ta ragu ta kalle ta son ranta. Ni da nake kawunta na ɗauke ta, na yi mata wasa, na ƙare mata kallo, uwar da ta haife ta kuwa a sace take kallonta.

Sa'idu kuma bai so ba. Na same shi a gindin bishiyar bedi inda yake gyaran kekuna yanzu, na yi masa bayani. Ya ce a bar kaza cikin gashinta. Ya ce Rabi ta yi shekara biyu ba ta dariya bayan rasuwar, da kyar ta dawo mutum, in na tono mata wannan ni zan tafi shagona in bar shi da ita. Ban ga laifinsa ba. Na ce masa ita ta zo ta nema, ba ni na kai mata ba. Ya ci gaba da ɗaure sarkar keke, can ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma shi ba zai kalla ba.

Ina jin tsoro, Ignatius, gara in faɗa maka. Ina tsoron kaset ya buɗe a ga mai ruwan ɗorawar nan 'yar wani ce daban. Ina tsoron ta zama ita ce amma ta ba kyamara baya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fuskar ta fito sarai, Rabi ta kalla ta kasa ganewa, a gaban mata. Rabi ta sake zuwa sau biyu, ba ta ƙara ambatar fim ba, sai dai ta zauna tana kallon kwamfutar a rufe.

Da zarar mai hoto ya gama ka kalla kai da Madam tukuna. Kun san yarinyar. In ba ta ciki ka gaya mini, in san ƙaryar da zan shirya.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya tsare hanya.

Naka,
Hayatu


Anka,
7 ga Nuwamba, 2021

Aminina Ignatius,

Gaisuwa da godiya marar iyaka gare ka da Madam Bridget, da fatan kuna lafiya. Kwafin kaset ɗin ya iso ranar Alhamis a 'yar memori, Ishaq ya ciro shi daga cikin hularsa ya miƙo mini. 'Yar takardarka layi ɗaya ce, ka ce in fara da kaset na uku, kuma in sa a zauna kafin in kunna. Na bi maganarka, ban ko leƙa ba, don na ga bai kamata in riga Rabi gani ba.

Jiya bayan la'asar na kai kwamfuta gidan Inna na ɗora a kan turmi a inuwar rumfa. Ban da Inna, Rabi kaɗai na gaya wa ranar, amma ka san magana. Kafin in gama jona waya tsakar gidan ta cika da matan Duza, kowacce da dalilinta, wata ta zo aron rariya, wata ta zo duba ƙafar Inna. Rabi ta zauna can gefe da tiren shinkafa tana tsinta, 'yarta Zinatu, wadda aka haifa bayan rasuwar, tana kusa da ita. Sa'idu ya rako su ya tsaya a zaure.

Ban san haka kyamararka take da kyau ba. Ga filin nan tas kamar jiya, ga Jamilu kwance cikin zoɓo yana korar ƙuda da hannun da ya kamata a ce ya mutu. Sai muryarka, kana faɗa da Hausarka ta wancan lokacin cewa a kori yaran nan. Cikin fushi ka juya kyamara kansu, ka jawo su kusa, kana nuna wa duniya masu laifi ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka wa fushin nan naka da alheri, don da ba ka hasala ba da ba a samu fuska ko ɗaya ba.

Na ɗauka kuka za a yi. Abin da suka yi ban taɓa ganin irinsa ba. Ba wadda ta nuna nata, sai kowacce ta shiga nuna na 'yar'uwarta. Wannan ta ce, "Ga na Hajo can bisa katanga." Waccan ta ce, "Mai tumbin ga na Luba na, ku dubi kunnuwan ubanai." Wadda aka ambata sai ta sunkuyar da kai kamar an yabe ta a gaban suruki, sannan ta ɗago a hankali. Wasu yaran suna raye, har an yi dariyar wani da yanzu yake da gemu. Da yawa kuwa sai dai a ce Allah ya sa masu ceto ne, a ce amin, in mayar baya.

Can sai ga mai ruwan ɗorawa ta fito daga bayan raga, ita kaɗai, ta nufo tsakiyar fili ba ko tsoro. Ni ina tsaye da lauje da ƙwallo a kai. Ta tsaya gabana ta duƙa ta dubi ƙafafuna, ta juyo ta fuskanci kyamara, fuskarta ta cika allon, ta ce da ƙarfi, "Kawu Hayatu na, ga takalminai." Ta tona asirin mai kisan tun fim bai kai rabi ba, ta tuntsire da dariya, ga giɓin haƙoranta. Ni ban taɓa sanin an yi haka ba, ina cikin ƙwallo ba na jin komai. Wata ta ce a hankali, "Ga ta Rabi." Daga zaure na ji Sa'idu ya yi gyaran murya, sannan na ji fitarsa. Da magariba ya aiko a tambaye ni ko abin zai shiga wayarsa.

Rabi ba ta ɗago ba. Hannunta yana cikin shinkafa, ya daina motsi, amma idonta na kan tire. Na tsayar da hoton a kan fuskar na rasa abin yi. Inna ce ta gane. Ta ce ƙafarta na son a taka da ita, mata su zo su raka ta ƙofar gida ta sha iska. Suka tashi duka kamar an shirya. Ni na koma bakin ɗaki ina kwance waya ina sake naɗewa.

Da tsakar gidan ta yi shiru sai ta ajiye tiren. Ta matso a kan gwiwoyinta har gaban turmin, ta zauna, ta kalla. Ba a sace ba wannan karon. Ta daɗe, har allon ya dushe na zo na taɓa shi ya dawo, ba ta ko san na zo ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira suna ba, leɓenta dai na motsi.

Zinatu ta gaji da jira ta matso tana leƙe ta kafaɗarta. Shekararta goma, ta fi ta cikin allon tsawo nesa ba kusa ba. Ta tambayi uwar wace ce wannan 'yar ƙaramar mai giɓi. Rabi ta kama hannunta ta jawo ta gaba, ta gyara mata ɗankwali, ta ce, "Ke, yayarki ta. Duƙa ki gaishe ta."

Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina wuni, Yaya." Ni dai a nan na bar musu gidan.

Ka gaida Madam da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Hayatu